Wace Ce "Lambar Sirri"? Muna Bukatar Allon Sunaye Guda Ɗaya

Da na yi niyyar in yi magana a kan yadda ake buɗe labari, amma akwai wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na ga gara in fito da shi mu tattauna, domin laifi ne da hannuna ke ciki.

Kowa zai tuna farkon shekarar 2023, lokacin canjin kuɗi. Takardar Naira ta yi ƙamfa, mutanen da ba su taɓa taka ƙofar banki ba suka koma karɓar kuɗin kayansu ta waya. A nan yankinmu abin ya faɗo daidai kakar albasa. Manomin Aliero zai loda buhunansa a mota zuwa Legas ko Anacha, maimakon a ƙirgo masa kuɗi a hannu sai a ce masa ya duba saƙo. 'Yan damfara kuwa suka samu kasuwa. Ganin haka sai mu uku, ni daga Jega, wani ɗan uwa daga Aliero da wata 'yar uwa daga Maiyama, muka ce bari mu rubuta 'yar takardar faɗakarwa da Hausa, a riƙa turawa a WhatsApp, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Muka raba aiki, kowa ya rubuta kashinsa a wayarsa, aka haɗa aka tura.

Bayan 'yan makonni aka kira kawuna a waya. Mai kiran ya ce daga banki yake. Kawu ya ce masa shi fa an gargaɗe shi, ba ya ba kowa lambar sirrinsa. Sai mutumin ya ce: "Madalla Alhaji, kada ka ba kowa ita, ko ni kada ka ba ni. Lambar nan da ta shigo maka yanzu a saƙo kawai za ka karanto mini." Kawu ya sa yaro ya karanto. Kafin la'asar kuɗin albasarsa sun tafi.

Da na je jaje, bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi: "Ɗana, ba ku kunka ce lambar sirri huɗu ta ba? Wagga shidda ta." Na koma gida na sake karanta takardarmu, sai jikina ya yi sanyi. A kashin ɗan uwanmu na Aliero, "lambar sirri" tana nufin PIN, mai lamba 4 da ake dannawa a katin ATM. A kashin 'yar uwarmu ta Maiyama, "lambar sirri" tana nufin BVN, mai lamba 11. Ni kuma da na zo kan OTP, wadda banki ke turowa a saƙo don a yi amfani da ita sau ɗaya, sai na kira ta "lambar tabbatarwa", ban ce sirri ce ba. Kowannenmu ya rubuta Hausa mai kyau. Babu wanda ya yi ƙarya. Amma da aka haɗa, sai bango ya tsage, ƙadangare ya samu wurin shiga.

Ra'ayina a yau shi ne: duk marubutan da ke rubuta wa jama'a ɗaya, wajibi ne su mallaki allo guda na sunaye, inda aka rubuta cewa suna kaza abu kaza yake nufi, kuma kowa ya duba shi kafin ya saki rubutu. Abin mamaki, inda na samu tsarin da ya fi gamsar da ni ba a littafin nahawu ba ne. Wani abokina da ya karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Kimiyya da Fasaha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, shi na ba wa labarin, sai ya yi dariya ya ce ai masu kwamfuta sun sha wannan wahalar tun kafin a haife mu. Ku yi haƙuri da ni, zan ɗan shiga fagensu, amma za mu dawo gida.

Akwai wani kamfani a Amurka mai suna Digital Equipment Corporation, ana taƙaita shi DEC. A 1977 ya bayyana wata kwamfuta mai suna VAX tare da babbar manhajar da ke tafiyar da ita, VMS, wadda daga baya aka koma kira OpenVMS. Cikin waɗanda suka jagoranci gina ta akwai Dave Cutler, wanda ya koma Microsoft a 1988 ya jagoranci aikin Windows NT. Kamfanin DEC kansa ya shuɗe, Compaq ya saye shi a 1998, HP kuma ya haɗiye Compaq a 2002, amma manhajar tana nan da ranta, wani kamfani mai suna VMS Software Inc. ke kula da ita tun 2014.

Abin da ya shafe mu a cikinta shi ne yadda take kiran abubuwa da laƙabi. Kowane rumbun ajiyar bayanai a jikin kwamfutar yana da sunansa na yanka, irin su DKA100. Idan mai rubuta manhaja ya cusa wannan suna a wurare ɗari cikin aikinsa, ranar da rumbun ya lalace aka kwashe kayan zuwa DKA200, sai ya bi wurare ɗarin nan ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa. Don haka sai aka ce kowa ya riƙa kiran laƙabi, misali ALBASA, a wani allo kuma a rubuta cewa ALBASA tana nufin DKA100. Ranar da aka sauya rumbu, layi ɗaya za a goge a allon a sake rubutawa, aikin kowa ya ci gaba.

Mu Hausawa mun san wannan dabarar. Baƙo idan ya shigo kasuwar Jega da ƙorafi, cewa yake a kai shi wurin Sarkin Kasuwa. Bai san sunansa na yanka ba, kuma ba ya bukatar sani. Mai riƙe da sarautar zai iya sauyawa, laƙabin yana nan. Haka wayarka: ka adana "Mai Albasa", ranar da ya sauya layi ka gyara lambar a wuri ɗaya, sunan bai motsa ba.

VMS ba allo ɗaya take da shi ba. Manya guda huɗu ne, a jere. Na farko na aikin da kake yi ne kai kaɗai a wannan zama. Na biyu na aikinka ne da ƙananan ayyukan da ya haifa. Na uku na rukunin ma'aikatan da kake ciki ne. Na huɗu na duk wanda ke amfani da wannan kwamfuta ne. Idan ka kira laƙabi, manhajar za ta fara duba allon da ya fi kusa da kai, in ba ta samu ba ta matsa na gaba, kuma inda ta fara samu nan take tsayawa. Wannan ma ba baƙonmu ba ne. Idan mutum ya ce "Sarkin Kabi" a Jega, kowa ya san Sarkin Kabin Jega yake nufi. In ya faɗi haka a Argungu, Mai Martaba Sarkin Argungu za a fahimta. Ma'anar gida ita ke fara amsawa.

A 1983 DEC ya fito da hanyar haɗa kwamfutoci da yawa su zama gungu guda, suna tarayya a rumbunan ajiya, in ɗaya ta mutu sauran su ɗauki aikinta. Gungun zai iya kai kwamfuta 96. To, a nan irin matsalarmu ta ɓullo musu. Kowace kwamfuta tana da nata allon na huɗu. Mai kula da gungu sai ya tabbatar ya rubuta laƙabin a kowace ɗaya. In ya gyara a biyu ya manta ta uku, sai ALBASA ta nufi wannan rumbu a nan, ta nufi wancan a can, ma'aikata biyu su yi ta zuba bayanai a wurare daban kowa yana ganin daidai yake. Mu uku da takardarmu ke nan.

Sai a fitowa ta 7.2, a 1999, aka kawo allon da ya game gungu duka. Ka rubuta laƙabi a kwamfuta ɗaya, wani aiki da ke gudana a bayan fage ya kwafe shi zuwa sauran. Akwai ƙa'idoji biyar a cikin tsarin da nake so mu riƙe, domin kowace ɗaya tana da takwara a wurinmu.

Ta farko, uwa. Allo ba ya zama na kowa don mai shi ya so hakan. Sai an ƙirƙire shi a ƙarƙashin uwar alluna da ake kira LNM$CLUSTER_TABLE, sannan zai gaji halin yaɗuwa. In ka rataye shi a wani wuri, a kwamfutarka zai tsaya. Ta biyu, izini. Kowa zai iya karantawa, amma rubutu da gogewa sai wanda aka ba dama. Ta uku, baƙo. Duk kwamfutar da ta shigo gungun daga baya, ana miƙa mata kwafin allon tun tana shigowa. Ta huɗu, mantuwa. Laƙubban nan a ƙwaƙwalwar wucin gadi suke zaune, in gungun duka ya mutu sun tafi, don haka ake rubuta su a fayil ɗin da ake karantawa duk lokacin da aka kunna. Ta biyar, wadda ta fi ba ni tsoro: in ka ƙirƙiri sabon allo naka a ƙarƙashin uwar, manhajar ba za ta riƙa leƙa shi da kanta ba sai ka sa shi cikin jerin allunan da ake dubawa. Allo zai iya kasancewa daidai, cikakke, a kowace kwamfuta, amma ba ya amfanar kowa saboda ba a bi ta kansa.

Yanzu mu dawo gida. Magabatanmu sun yi wannan aiki a fagen haruffa. Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa da boko a 1912. Ƙamusun Bargery ya fito a 1934, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939 ta yaɗa salon rubutu guda, an kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, an zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Saboda wannan wahalar tasu ne ɗan Maradi ke karanta ɗan Zariya ba tare da tafinta ba, duk da har yau mu muna rubuta 'y su suna rubuta ƴ.

Inda aikin ya rage shi ne sababbin abubuwa, kuma su ne ke shigowa kullum ta waya. Dubi kalmar "manhaja". A makaranta tsarin darussa take nufi, a waya kuma abin da ake saukewa. Wani ya ce "yanar gizo" yana nufin intanet gaba ɗaya, wani yana nufin shafi guda. Wani ya rubuta "ƙirƙirarriyar basira", wani "basirar na'ura", wani ya bar ta AI. "Kalmar sirri" da "lambar sirri" da "mabuɗi" suna ta musayar kujera. BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a 2014, lamba 11 ce. NIN ta hukumar katin ɗan ƙasa ita ma lamba 11 ce. Tsoho a Andarai ko Sabiyal da aka ce masa ya kawo "lambarsa mai sha ɗaya", wacce zai kawo? A labarin soyayya irin wannan ruɗani bai wuce a yi dariya ba. A takardar faɗakarwa kan banki, ko magani, ko maganin feshi na gona, kuɗin mutum ne ko lafiyarsa.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja. Na farko: wannan hanya ce ta kashe karin harshenmu, a mayar da kowa Bakano. Ni ma Bakabe ne, a gida "biyat" nake cewa, "tahi" nake cewa, kyanwa a wurinmu "mussa" ce, kuma ba na son in ga ranar da jarumin labari ɗan Kimba zai buɗe baki ya yi Kananci. Amma ku tuna jerin dubawar nan. A VMS, ko bayan an kawo allon gungu, allon kwamfutar gida ne ake fara dubawa, na gungu yana bayansa. Haka nake so mu yi. A cikin labarinka, bakin taurarinka naka ne, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Allon gama-gari yana shigowa ne inda kake faɗa wa mutumin da ba ka sani ba abin da zai yi da kuɗinsa ko jikinsa.

Na biyu: an sha zama a ƙirƙiri kalmomi, su ƙare a littafi ba wanda ya furta su. Gaskiya ne. An ce "na'ura mai ƙwaƙwalwa", jama'a suka ce kwamfuta, kuma kwamfuta ta yi nasara a baki. Shi ya sa ba na kiran mu zauna mu ƙirƙira. Mu fita mu saurara. Me mai POS na bakin tasha yake ce wa OTP idan yana bayani ga tsohuwa? Me dillalin albasa ke ce wa shaidar biya da ake turo masa? Allon zai rubuta abin da aka ji ne, ya zaɓi wanda ya fi fita sarai, sannan ya faɗi abin da kalmar ba ta nufi. Da mun rubuta layi ɗaya cewa PIN da OTP duka sirri ne, ɗaya ta dindindin ɗaya ta minti kaɗan, da kawu bai sa an karanto ba.

Na uku: mu su wa? Wannan aikin farfesoshi ne. Ina girmama malamanmu na Bayero da Ɗanfodiyo da ABU, kuma duk inda suka riga suka yanke magana, ita ce uwar allonmu, a ƙarƙashinta za mu rataye namu. Amma ɗan damfara ba ya jiran taron ƙara wa juna sani. Rubutun da ke isa wayar manomi yau da dare, mu muke yin sa. In ba mu daidaita tsakaninmu ba, mun bar wa mai kiran waya ya fassara mana kalmominmu yadda ya ga dama.

Ga abin da nake ba da shawara, kuma ƙarami ne da gangan.

1. Mu fara da kalma 30 kacal, duka a kan banki da waya. In sun zauna mu shiga lafiya, sannan noma.

2. Kowace kalma ta samu layi mai gida biyar: sunan da muka zaɓa, abin da yake nufi, abin da ba ya nufi, jimla ɗaya ta misali, da garin da aka ji ana faɗarsa. Gida na uku shi ne mafi muhimmanci.

3. Kowa zai iya kawo shawara, amma mutum uku kaɗai za su riƙa gyara allon, kuma kada su fito daga gari ɗaya. Duk gyaran da aka yi a sa masa kwanan wata, a sanar da zaure.

4. Kwafi ɗaya ne na asali. Kada kowa ya sauke ya riƙa gyara nasa a waya, nan ne ALBASA ke komawa rumbu biyu. A ajiye shi inda ba zai nutse cikin hira ba, a kuma buga shi a takarda duk wata uku, saboda waya tana faɗawa ruwa, shafi yana rufuwa.

5. Duk wanda aka karɓa sabo a zauren nan, allon ne abu na farko da za a miƙa masa tare da maraba.

6. Duk rubutun faɗakarwa da zai fita da sunan zauren nan, sai wani da ba marubucinsa ba ya gwada shi da allon. Wannan ita ce ƙa'ida ta biyar ta masu kwamfuta. In ba mu yi ta ba, sauran biyar ɗin ado ne.

Masu rubuta dogon labari kashi-kashi, ku ma wannan zai yi muku amfani ko da ku kaɗai ne. Sau nawa muka ga ƙanwar jaruma ta fara da suna ɗaya a shafi na 5 ta ƙare da wani a shafi na 60, ko kawu ya rikiɗe ya zama baffa a tsakiyar labari? Kawu ɗan uwan uwa ne, baffa ɗan uwan uba, kuma a labarin gado ko na aure wannan bambancin zai iya rushe makircin duka. Buɗe shafi ɗaya a bayan littafinka, rubuta kowane tauraro, sunansa, laƙabinsa, wa yake kiransa da me. In ku biyu ko uku kuke rubutawa, shafin ya zama ɗaya a tsakaninku.

Mun sake rubuta takardar nan daga baya. Wannan karon mun zauna wuri ɗaya a Jega, muka fara da jera sunaye kafin kowa ya rubuta jimla ko ɗaya. Awa biyu muka yi muna gardama a kan kalma bakwai. Na kai wa kawu aka karanta masa, ya saurara har ƙarshe, ya ce yanzu ya gane, sannan ya tambaye ni ko za a dawo masa da kuɗinsa. Ban da amsar da zan ba shi. Ya sake shuka albasa a wannan shekarar, kuma har yau in saƙon banki ya shigo ba ya bari kowa ya karanta sai ya kira ni.

Don haka aikin wannan mako ga kowa: kawo kalma ɗaya ta banki ko ta waya da ka ji ana faɗa a garinku, ka faɗi abin da ake nufi da ita da wanda ka ji ta a bakinsa, mai shago ne ko direba ko tsohuwa, ba sai ka ambaci suna ba. Ni na fara da tawa: me za mu kira OTP, yadda duk wanda ya ji sunan zai san ba a karanta wa kowa ita? Wanda kuma yake ganin na yi kuskure a wani wuri, ƙofa a buɗe take, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah ya ƙara mana basira, ya tsare mu da cutar da mutane da alƙalumanmu ba da saninmu ba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.